Rana ba ta ƙarya: Dalilin da ya sa ake ɗari-ɗari da alƙawarin manyan tashoshin sola a Filato

A watan Yulin 2016 kamfanin gwamnatin tarayya mai sarin wutar lantarki, NBET, ya rattaba hannu a Abuja kan yarjejeniya da kamfanoni 14 domin su gina manyan tashoshin samar da wuta daga hasken rana. Jimillar abin da aka yi alƙawari ya haura megawat 1,000, kuɗin aikin kuma an ƙiyasta shi a kan dala biliyan 2.5. Mafi yawan tashoshin a Arewa aka tsara kafa su, a Katsina da Jigawa da Bauchi da Sakkwato da Kaduna da Nasarawa. Jihar Filato ma ta samu rabonta: tasha mai ƙarfin megawat 70 a Panyam, cikin Ƙaramar Hukumar Mangu, a hannun wani kamfani mai suna CT Cosmos.

Aikin Panyam bai tsaya a sahun baya ba. A watan Afrilun 2017 ya zama ɗaya daga cikin biyu na farko da gwamnati ta sanya wa hannu a takardar lamuni, wato alƙawarin cewa idan ciniki ya watse a tsakiyar tafiya, gwamnati za ta sayi tashar ta biya masu jari haƙƙinsu. Ita ce takardar da bankunan waje ke jira kafin su saki kuɗi. Duk wanda ya karanta jaridun wancan makon zai ɗauka cewa saura ƙiris a ga manyan motoci suna sauke kaya a hanyar Mangu.

Hausawa na cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranakun da aka sa sun zo sun wuce. A cikin tashoshin nan 14 babu ko ɗaya da ta haskaka ƙwan lantarki guda. Wannan shi ne tushen shakkar da ake ji a Jos da kewaye duk sa'ad da wani jami'i ya tashi a taro ya ambaci megawat ɗari na sola, ko ya ɗora wata masifa a kan sauyin yanayi. Shakkar tana da hujja, kuma ta cancanci a saurare ta da kyau. Sai dai abubuwa uku ne aka cusa cikin buhu ɗaya: rashin yarda da alƙawarin hukuma, da rashin yarda da ita kanta fasahar, da rashin yarda cewa duniya na ɗumama. Ba nauyinsu ɗaya ba.

Abin da ya kashe ayyukan 2016 ba a sararin sama yake ba, a kan takarda yake. An amince za a riƙa sayen kowane ma'aunin wuta, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda, a kan santi 11.5 na dalar Amurka. A daidai wannan shekarar ƙasar Zambiya ta yi gwanjon irin wannan aiki da taimakon Bankin Duniya, ta samu mai yi mata a kan kusan santi 6. Farashin farantan sola yana ta faɗuwa a kasuwar duniya, sai jami'an kuɗi a Abuja suka ga kamar an yi musu sakiyar da ba ruwa, suka nemi a sauko zuwa santi 7.5. Kamfanonin suka ce lissafinsu ba zai fita ba, domin bashin da ake bai wa mai aiki a Najeriya ya fi tsada, naira kuma tana ta zubewa. Ga kuma tsoron da gwamnati ta riga ta ɗanɗana a yarjejeniyar tashar gas ta Azura da ke Jihar Edo, inda dole ta biya miliyoyin daloli kowane wata ko an iya ɗaukar wutar ko ba a iya ba. Babu ministan kuɗin da ke marmarin ƙara irin wannan igiya guda 14 a wuyan baitulmali.

A ƙarƙashin duk wannan akwai wata matsala da ta girmi sola. Mai tasha yana sayar wa NBET, shi kuma NBET yana jiran kamfanonin rarraba wuta su biya shi, su kuma ba sa tattara cikakken kuɗin wutar da suka raba. Kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda ke kula da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai, yana cikin wannan sarƙa kamar sauran takwarorinsa. Babban layin wutar ƙasa kuwa da ƙyar yake ɗaukar megawat 4,000 zuwa 5,000 domin al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma a shekarar 2024 kaɗai ya durƙushe fiye da sau goma. Wanda ya ce ba zai yarda da sabuwar tasha ba sai ya ga wanda zai biya kuɗin wutarta da wayar da za ta ɗauke ta, bai faɗi abin da masu banki ba su faɗa ba. Makwabciya Nijar, da ba ta kai Najeriya arziki ba, ta kammala tasha mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023. A nan gida, babbar tashar sola da aka haɗa da layin wuta ita ce ta Kumbotso a Kano, mai megawat 10, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023.

Masu shakka suna kuma kawo hujjar fasaha, kuma a nan ma akwai ƙamshin gaskiya. Lambar da ake rubutawa a allon sanarwa ita ce iyakar abin da tasha za ta bayar da tsakar rana idan gari ya yi garau. Idan aka haɗa dare da safiya da yamma da ranakun hadari, abin da ke fita a tsawon shekara bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan lamba ba. Ke nan tashar Panyam, da an gina ta, matsakaicin abin da za ta riƙa bayarwa zai tsaya wajen megawat 14. Kuma lokacin da gidaje suka fi buƙatar wuta, tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare, ita ta riga ta yi barci, sai dai idan an haɗa ta da batura, waɗanda ke ƙara wa aikin tsada sosai. Jos na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, a watannin Yuli da Agusta kuwa sai a wuni gajimare bai yaye ba. Da hunturu kuma hazo ke rage hasken, ƙura ta kwanta a kan gilashi, a wanke ta da ruwa a daidai lokacin da ruwan ya fi wuyar samu.

Amma tsaunin yana da wata baiwa da ba a cika ambata ba. Farantin sola haske yake so, zafi kuwa cutar da shi yake yi. Da zarar zafin jikinsa ya haura digiri 25, kowane ƙarin digiri guda na rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Jos tana zaune a tudun da ya kai mita 1,200 sama da teku, inda iska ke da sanyi ko a watan Maris. Farantin da ke gasuwa a Sakkwato ko Nguru, a nan yana aiki cikin sauƙi. Hujjar dare da damina hujja ce a kan yadda za a tsara aikin da abin da za a haɗa shi da shi. Ba ta isa ta nuna cewa abin ba ya aiki ba.

Ramukan kuza

Maganar da ta fi nauyi a Filato ita ce ta ƙasa. Kowane megawat na sola yana cin kusan hekta ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka tasha mai megawat 70 za ta killace fiye da hekta 100 na tsawon shekara 20 ko sama da haka. A jejin da ba kowa wannan ba komai ba ne. A Mangu da Bokkos da Barikin Ladi kuwa, inda ake noman masara da dankalin Turawa, inda kuma aka sha zubar da jini a kan gona da makiyaya, hekta 100 ba ƙaramin zance ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, diyyar da take tanada kuma ta amfanin gona da gine-gine ce, ba ta ita kanta ƙasar ba.

Mutanen wannan yanki sun taɓa ganin baƙo ya zo da takarda da alƙawarin ci gaba. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a tsaunin, dokar mulkin mallaka ta mai da ma'adinai mallakar gwamnati, aka yanka gonakin Birom da makwabtansu aka ba masu lasisi. Ita kanta Jos a kan kuza ta girma, da leburori da 'yan kasuwa daga ƙasar Hausa da Borno da Kudu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka riƙa ɗebo dubban talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, sanyin tsauni da yunwa da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan kamfanoni suka tattara nasu ya nasu. Abin da suka bari shi ne ɗaruruwan ramuka cike da ruwa da tsibin ƙasa, waɗanda duk matafiyi ke gani daga Bukuru zuwa Barikin Ladi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Dattijon da ya tambayi wanda zai kwashe ƙarafa da gilasai idan kamfanin sola ya karye, tambayar da kakansa bai samu damar yi ba yake yi.

Wani abin mamaki shi ne, wannan tarihin ne kuma ya bar wa Filato gadon da babu jihar da ke da irinsa. Domin injinan haƙar kuza aka gina tashar wuta mai aiki da ƙarfin ruwa a magangarar Kwall a 1923. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya gina tasa tashar a magangarar Kurra, daga baya ya ƙara wasu a Jekko da Ankwil. Lokacin da gwamnati ta haɗe harkar lantarki a ƙarƙashin hukuma ɗaya, har zuwa zamanin NEPA da aka kafa a 1972, NESCO ya ci gaba da zamansa da tashoshinsa da wayoyinsa da masu sayen wutarsa. Ƙarfinsa duka bai kai rabin abin da aka rubuta wa Panyam ba, amma ya kusa shekara ɗari yana ba da wuta. Ba ya jiran lamunin Abuja, domin wanda ya sha wutarsa shi ke biyansa kai tsaye. Rauninsa ɗaya ne da na kowace tashar ruwa a wannan yanki: da rani ruwan madatsa yana ja baya. Lokacin kuwa shi ne rana ta fi ƙarfi. Da damina, sa'ad da gajimare ke rufe farantai, madatsun sun cika sun batse. Injiniyoyi a ƙasashe da dama sun daɗe suna aura sola da tashar ruwa saboda wannan dalili, har ma ana shimfiɗa farantai a kan ruwan tafki domin kada a taɓa gona. Ko a nan sai an yi hattara, domin yawancin ramukan kuza sun zama abin dogaron masu noman rani, waɗanda ke fitar da kabeji da karas da tumatir zuwa kasuwannin ƙasar nan.

Idan aka ce sauyin yanayi ne

Shakka a kan sauyin yanayi a Filato ba daga littafin kimiyya ta fito ba, daga makabarta ta fito. Shekara da shekaru rahotannin ƙungiyoyin waje da jawaban shugabanni suna bayyana kashe-kashen yankin da cewa rikicin manoma da makiyaya ne wanda hamada da ƙafewar Tafkin Chadi suka haddasa. A jajibirin Kirsimetin 2023 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama a Bokkos da Barikin Ladi, suka kashe mutum fiye da 140. Gwamna Caleb Mutfwang, wanda shi kansa ɗan Mangu ne, ya sha nanata cewa abin da ke faruwa ya wuce rikicin gona da shanu, shiryayyen ta'addanci ne. Su ma Fulani makiyaya, waɗanda da yawansu a tsaunin aka haifi kakanninsu, suna da nasu jerin matattu da shanun da aka sace ko aka kashe, suna kuma ƙorafin cewa ba a hukunta kowa. Ɓangarorin biyu sun saɓa a kusan komai, amma babu wanda a cikinsu zai yarda cewa ƙarancin ruwan sama ne ya ɗauki bindiga. Matsin ƙasa gaskiya ne: jama'a ta ƙaru, gonaki sun cinye burtali, rashin tsaro a Arewa maso Yamma ya koro garkuna. Sai dai idan aka tsaya a kan yanayi, an samu mai laifin da ba a iya kamawa, ba a iya gurfanarwa, kuma babu jami'in da zai rasa kujerarsa saboda shi.

Labarin Tafkin Chadi ma ya fi yadda ake faɗarsa sarƙaƙiya. Gaskiya ne ya ragu ƙwarai daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, bayan farin 1973 da na 1984. Amma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa tun shekarun 1990 bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, ruwansa ma ya ɗan farfaɗo. Jawabin da ke cewa yana ƙafewa kowace shekara ya tsaya a inda aka bar shi shekara 30 da suka wuce. Haka batun ambaliya. A watan Yulin 2012 ruwa ya ci unguwar Rikkos da makwabtanta a cikin Jos, mutum fiye da 30 suka rasu. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta nutsar da rabin Maiduguri. Ruwan sama mai yawa ya sauka a duka biyun, amma gidajen da aka bari aka gina a bakin rafi, da magudanun da shara ta toshe, da madatsar da ba a gyara ba, duk suna da ofishin da ke da alhakinsu.

Akwai kuma jin cewa ana yi wa talaka wa'azin azumi alhali bai karya kumallo ba. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ƙasashe masu arziki sun yi alƙawari a Kopenhagen a 2009 cewa za su riƙa ba da dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. Buhari ya yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙinta kafin 2060, shirin da gwamnatinsa ta fitar a 2022 kuma ya ce ana buƙatar ƙarin dala biliyan 410. Mataimakinsa Yemi Osinbajo ya fito fili ya soki bankunan Turai da ke janye kuɗi daga ayyukan gas a Afirka alhali ƙasashensu na ci gaba da ƙona shi. Wanda ya ji haushin wannan, haushinsa na kan hanya.

Inda masu shakka ke zarce gona da iri shi ne idan suka tashi daga nan suka ce babu abin da ya sauya. Ma'aunin zafi ba ya cin hanci. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar cewa 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A farkon Afrilun wannan shekarar, ana tsakiyar azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Filato ta fi kowace jiha abin da za ta yi asara idan sanyi ya ragu, domin arzikinta na noma a kan sanyin yake. Dankalin Turawa, wanda jihar ke noma mafi yawansa a ƙasar nan, kuma aka kafa masa cibiyar bincike a Kuru, ba ya yin 'ya'ya sosai idan dare ya yi ɗumi. Shanun madara na Vom da lambunan kayan marmari duk a kan wannan tudun mai sanyi suka dogara. Ƙin yarda da jami'in da ke fakewa da yanayi ba ya ƙara wa manomin Bokkos ko digiri guda na sanyi.

Haka kuma cewa sola yaudara ce, rufin gidajen Jos sun riga sun ƙaryata shi. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000, janareta ya zama kayan masu hali. A watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar masu rukunin farko fiye da sau uku, zuwa naira 225. A watan Oktoban wannan shekarar layin da ya taso daga Inugu ya bi ta Makurɗi zuwa Jos ya samu matsala, a daidai lokacin da na Shiroro zuwa Kaduna ke kwance saboda ɓarnar 'yan bindiga, jihohin Arewa suka kwana fiye da bakwai cikin duhu. Asibiti da shago da gidan da ke da farantai da batura su ne suka ga haske a waɗannan kwanaki, wurinsu jama'a ke layin cajin waya. Babbar tasha irin ta Panyam, wadda aka tsara ta zuba wutarta cikin layin ƙasa, da wuya ta iya ci gaba da aiki ita kaɗai idan layin ya mutu. Ko fadar shugaban ƙasa ta fahimci wannan: a 2025 aka amince da naira biliyan 10 domin sa mata nata sola.

Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da ba da lasisi, Filato kuma na cikin jihohin da suka karɓi wannan iko. Ke nan yarjejeniya ta gaba ba lallai sai a Abuja za a sa mata hannu ba, kuma mutanen Panyam ko Kurra za su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa su tambayi gonar wa za a ɗauka, nawa za a biya, wace unguwa za ta fara samun wutar, wa zai gyara wurin idan an tashi.

Ita kuwa kuza ta dawo ta wata ƙofa. Da ita ake yin dalmar da ke liƙe siraran wayoyin da ke cikin kowane farantin sola, kuma bunƙasar sana'ar na cikin abubuwan da suka ɗaga farashinta a kasuwar duniya. Matasa sun koma tsofaffin filayen haƙa da diga da shebur da igiya, suna sauka cikin ramuka masu zurfi waɗanda kan rufta da su, dillalai na jira a bakin rami da ma'auni. Abin ya kai ga a watan Fabrairun 2025 Gwamna Mutfwang ya sanya hannu a kan umarnin dakatar da duk wata haƙar ma'adinai a jihar, bisa dalilin tsaro da lalacewar ƙasa da yaran da ke barin makaranta suna tafiya rami.